Masu riƙe ajin waɗanda suka bar makaranta: yaya kuke kai ɗalibai har ranar jarrabawa?

Malamar Ajin Yamma, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wani aji na matasan da suka bar karatu kafin su gama sakandare, akasarinsu 'yan mata da matan aure, sai samari ƙalilan. Azuzuwan wata firamare muke ara idan an tashi yara. Tara mutane bai taɓa ba mu wahala ba. Mai unguwa ya yi magana, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, sai benci ya cika har wasu na zama a taga. Bayan wata uku ko huɗu kuma sai a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a buɗe rajistar jarrabawar NECO ta 'yan waje (masu zaman kansu, waɗanda ba sa makaranta), wadda ake rubutawa wajen Nuwamba da Disamba, ba a fi rabi ba suka rage. Wannan abu yana ci mini rai. Don Allah duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aji, ko ya zauna a cikinsa, ya faɗa mana abin da ya gani.

Malamin Lissafi, Zariya:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. A wurinmu ranar farko ake rasa ɗalibi, ko da sai bayan wata uku zai daina zuwa. Kowa zai ce miki a aji biyu na babbar sakandare ya tsaya, alhali wani karatun jarida ma da ƙyar yake haɗawa, wani kuma bita kawai yake buƙata. Idan kika zuba su aji ɗaya, mai ƙoƙari zai gaji da maimaici, na baya kuma kunya za ta kore shi, kuma babu wanda zai faɗa miki dalili.

Yanzu kowa sai mun zauna da shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Ya karanta sakin layi ɗaya na Turanci, ya rubuta 'yar wasiƙa, ya yi lissafin rabon kuɗi. Daga nan mu san rukunin da za mu sa shi, kuma ba ma kiran wani rukuni na ƙasa.

Akwai wani yaron gareji da ba na mantawa. Ka ce masa an biya ladan aiki dubu goma sha takwas, maigida zai ɗauki kashi biyu cikin uku, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Amma da na rubuta 2/3 a allo sai ya sunkuyar da kai yana murza biro da hannunsa mai baƙin mai. Da kuɗin garejin muka fara, har ya gane abin da yake yi kullum da ka shi ne a rubuce. Ya ci lissafi a zama na biyu.

Sannan kar ki raba ƙarfi daidai a kan darasi takwas ko tara. Kiredit biyar akasari ake nema, da Turanci a ciki, da Lissafi a fannoni da yawa, kuma makarantun gaba da sakandare da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. Turanci da Lissafin nan su za a ba rabin lokaci.

Uwar Khalifa:
Malama, ni ɗaliba ce a irin ajinku, bari in faɗa miki ta ɓangarenmu. Ina gama aji uku na ƙaramar sakandare aka yi mini aure, sai da na yi yara biyu na koma. Ajin yamma shi ne ya fi kowane wuya ga matar aure. Tsakanin la'asar da magariba lokacin ɗora tukunya ne, yara sun dawo, ga masu tafiya Islamiyya. Rana ɗaya maigida ya dawo bai tarar da tuwo ba, ko uwar miji ta yi magana, shi ke nan karatu ya ƙare. Da aka mayar da namu ƙarfe goma na safe zuwa azahar, matan da suka gudu da kansu suka dawo.

Goyo kuma, wata dattijuwa aka samu ana ɗan ba ta na goro, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya tana riƙe mana yara. In yaro ya yi kuka ka fita ka ba shi nono ka dawo, ba wanda zai harare ka.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne malamarmu ta taka har gidanmu ta gaida maigidana da mahaifiyarsa, ta nuna musu littafina. Tun daga ranar shi yake tambayata ko an ba mu aikin gida. Yanzu ina makarantar koyon aikin lafiya, alhamdu lillahi.

Ɗan Ƙauye, Katsina:
Uwar Khalifa, Allah ya ƙara basira. Mu namu samari ne, kuma damina ke kwashe su. Ruwa na sauka aji ya watse, ana gama kaka kuma wasu su tafi cin rani kudu. Mun daina faɗa da gona. Lokacin shuka da noman fari hutu muke bayarwa, mu matsa sosai daga Janairu zuwa Mayu. Wanda girbi ya hana shi zaman ƙarshen shekara, muna tura shi WAEC ta farkon shekara, wadda aka fara yi wa masu zaman kansu a 2018. Waɗanda suka yi tafiya kuma malamin Turanci yana aika musu darasi da murya ta WhatsApp.

Sakataren Cibiya, Kaduna:
Malama, ki duba lokacin da suke ɓacewa da kyau, ina kyautata zaton yana dab da biyan kuɗin jarrabawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 shekara tara ta ce kyauta, daga firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Wasu jihohi suna biya wa ɗaliban makarantunsu kuɗin jarrabawar fita, amma ɗalibin waje shi zai nemi nasa. Wanda ya san ba shi da kuɗin ba zai zauna a kira sunansa ba, sai ya janye tun da wuri ya ce aiki ne ya yi masa yawa.

Adashi muke yi tun makon farko. Kowa ya kawo abin da ya samu duk Juma'a, ana rubutawa a littafi a gabansa, mutum biyu ke sa hannu a asusun. Wanda ya gaza cikawa muna kai sunansa wurin masu hali na unguwa a asirce.

Sai takardu. Ku duba lambar NIN ta kowa tun yanzu. Wata ɗalibarmu sunan mahaifinta ne a takardar firamare, sunan mijinta a NIN, shekarar haihuwa ma ta bambanta, gyaran ya ci watanni har rajista ta wuce ta. Kuma tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta, JAMB kuwa dama da ita ake yi. Wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a kai shi shago ya saba kafin ranar.

Baban Yusra:
Ni gaskiya ina ganin wahalar ta yi yawa. Akwai cibiyoyin da ake biya a "taimaka" wa yaro ya fita da kiredit ɗinsa zama ɗaya. Mutumin da ke neman takarda don ya samu aikin gadi, me zai yi da shekara biyu a aji?

Malamin Lissafi, Zariya:
Yaya, na fahimci matsin da ke sa mutane hakan, amma ban yarda ba. Ƙanen wani abokina ya bi wannan hanya, aka riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, kuɗi suka tafi, shekara ta tafi. Wata kuma ta fito da kiredit bakwai ta shiga kwalejin ilimi, zangon farko aka sallame ta don ba ta iya rubuta amsa da kanta. Kuka take yi a gabana tana cewa gara da ba ta fara ba. Waɗannan matasa an riga an cuce su sau ɗaya da aka bari suka fita daga makaranta, bai kamata mu sayar musu da takardar da ba za su iya karewa ba.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan BEPC ce jarrabawar gama ƙaramar sakandare, sannan BAC ta gama babbar sakandare, kuma wanda ba ya makaranta yana iya shiga a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Ciwon kanmu biyu ne: Faransanci da ya zube wa mutum bayan shekaru a kasuwa, da takardar haihuwa, don da yawa daga ƙauye ba su da ita, sai an bi ta kotu. Muna fara neman takardar tun ranar da mutum ya shigo, karatu na tafiya ita ma tana tafiya.

Hajiya Mai Ritaya:
'Yata, ba wanda ya taɓo maganar malamai. Aikin sa kai yana da iyaka, mai iyali ba zai shekara yana zuwa da kuɗin motarsa ba, kuma duk ranar da ɗalibai suka zo ba malami, gobe kaɗan za su dawo. Ko na mota ne a yanka musu, a riƙa biya a kan lokaci. Kuma ku da kuke Kano kuna da Hukumar Ilimin Manya tun 1980, zamanin Abubakar Rimi. Ki je ki yi wa ajinki rajista da su, ki tambayi abin da ya shafi malamai da wurin zama. Ki bincika shirin AGILE na Bankin Duniya ma, Kano na cikin jihohi bakwai da aka fara da su, kuma 'yan mata ya shafa.

Malamar Ajin Yamma, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, in sha Allahu zan je hukumar ranar Litinin. Na yi magana da shugaban makarantar Islamiyyar unguwarmu, ya ce azuzuwansu a buɗe suke da safe, don haka matan aure za su koma can, samari su ci gaba da yamma. Malam Sakatare, don Allah ka turo mini yadda kuka tsara littafin adashin, da abin da kuke yi da kuɗin wanda ya zuba rabi sannan ya daina zuwa.