Akagera ko Gorongosa: wanne zan fara da shi?

Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina tara kuɗi don in je in ga namun daji da idona. Gandun daji biyu nake lissafi, Akagera na Ruwanda da Gorongosa na Mozambik. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah a ba ni shawara.

Malam: Wa alaikumus salam. Auta, in zuwanka na farko ne, ka fara da Akagera. Daga Kigali tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a mota. Kuma ka san abin da za ka je gani. Bayan kisan kiyashin 1994 'yan gudun hijira suka dawo da shanunsu, aka yanka musu fiye da rabin gandun a 1997. Zaki ya kama saniya, makiyayi ya sa guba a mushen, a haka zakunan suka ƙare ƙaf. Sai a 2010 gwamnatin Ruwanda ta haɗa hannu da ƙungiyar kula da gandayen daji ta African Parks, aka ja shingen lantarki na kilomita 120, sannan a 2015 aka kawo zakuna 7 daga Afirka ta Kudu. Karkanda baƙaƙe 18 suka biyo baya a 2017.

Hajiya: Malam ya ba ka tarihi, bari ni in ba ka abin da ya same ni. Na je da baƙar abaya, ban san ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi ba. Wallahi ta cikin yadin suka riƙa cizo na kamar ana soka allura, na kwana ina susa. Ka sa kaya masu ruwan ƙasa, masu dogon hannu, in kun shiga kurmi ka ɗaga gilashin mota.

Auta: Ikon Allah! To Hajiya, kin dai ga zakin?

Hajiya: Ina fa! Sai wajen sha ɗaya muka isa, rana ta take, kowace dabba ta nemi inuwa. Jakin dawa da raƙumin dawa kam mun gani har muka gaji. Abin da ya wanke min zuciya shi ne jirgin ruwa a tafkin Ihema da yamma: dorina ta ɓullo dab da mu, kunnuwa kawai da hanci, ta fesar da ruwa ta nutse. Ga kadoji a bakin gaɓa sun wangale baki ko motsi ba sa yi.

Kawu: Kuskuren kenan, ɗiyata. Ba a yi wa daji zuwan yini ɗaya. Ka kwana a ciki, Auta, ka fita da asuba, ka ɗauki ɗan jagora a ƙofar kudu ku miƙa arewa, can filayen suka fi buɗewa. Ko da haka ma zaki ba alkawari ba ne. Ni sai a kwana na biyu na ga wata zakanya kwance cikin ciyawa, ita ma jelarta ce ta tona ta.

Malam: Gorongosa kuwa ba a raina shi. Yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya cinye fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan dabbobinsa, aka ci nama aka sayar da hauren giwa don sayen makamai. A 2008 wani Ba'amurke, Greg Carr, ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da gwamnati don farfaɗo da shi. Sai dai zuwansa ya fi wuya, kuma ana rufe shi da daminarsu, daga wajen Disamba zuwa Maris.

Kawu: Giwayen can ma har yanzu ba su yafe wa ɗan Adam ba, sukan taso wa mota. In jagora ya ce a yi shiru, a yi shiru.

Auta: Na gode ƙwarai. Akagera ke nan, kwana uku. Wane wata ya fi?

Hajiya: Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya ɗauke. Kuma ka ari madubin hangen nesa, kyamarar waya ba za ta kamo maka jelar Kawu ba.

Kawu: Jelar zakanya dai, Hajiya.