Shawarwarin dattawa kan tsohuwar majami'ar unguwarmu a Gombe

Da aka tattauna batun faɗaɗa ƙaramar majami'armu ta ECWA, dattawan ikilisiya sun ba da shawarar kada a rushe tsohon ginin tubalin ƙasa, domin kaurin bangonsa da dogayen tagoginsa ne ke sanyaya ɗakin sujada a lokacin bazara. Magina sun ce a yaɓe shi da laka, tunda siminti yakan ɓamɓare daga jikin tubali, sannan a duba azara saboda gara kafin a sauya kwano.

Zumuntar Mata kuwa ta nemi a naɗi muryoyin tsofaffi tun suna raye, musamman Tangalawan da iyayensu suka ga zuwan mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission, ƙungiyar mishan da ta haifi ECWA) Kaltungo a 1917, kuma a killace rajistar baftisma, wadda a ganina ta fi komai gaggawa.