Shawarwari kan gano ƙwayoyin cuta a jatan lande da kaguwa

A tattaunawar da masu sayar da daskararren kifi da wasu ma'aikatan lafiya suka yi a Garwa da ke ƙasar Kamaru, an fi mayar da hankali kan jatan lande da kaguwa da ake kawowa daga Duwala da Kiribi, domin tafiyar tana da nisa kuma sanyi yakan yanke a hanya.

An yarda cewa wari da yauƙi suna nuna ruɓewa ne kawai. Kayan da ke ɗauke da Salmonella ko Vibrio, wato ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, na iya fitowa tsaf, saboda haka ɗakin gwaji kaɗai ke iya tabbatarwa. A can ana renon ƙwayoyin a faranti na musamman. A wanda ake kira TCBS, ƙwayar kwalara, wadda nau'in Vibrio ce, takan fito ruwan ɗorawa, wani nau'in mai suna Vibrio parahaemolyticus kuma kore. Wannan hanya tana cin kwanaki kafin a tabbatar da sakamako, yayin da gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin halittar ƙwayar cutar, ke gano ƙwayar cikin sa'o'i, sai dai yana da tsada, kuma yakan kama har ƙwayar da ta mutu. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada a sami Salmonella ko kaɗan a giram 25 na dafaffen jatan lande.

An shawarci 'yan kasuwa su ɗebi samfur daga kwalaye daban-daban, su sa shi cikin ƙanƙara, su kai shi da wuri, kuma su tuntuɓi reshen cibiyar gwaje-gwajen lafiya ta Pasteur da ke Garwa kan gwajin da ya dace. Kayan da suka narke aka sake daskarar da su, a fara gwada su.