Wai sai mutum ya yi aure ake ƙirga shi cikin manya?

Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Asabar, na ga gara in faɗa kowa ya ji. Da aka zauna a zaure kan maganar sauya rufin ɗakin Hajiya ni aka tura sayo lemo, na dawo na tsuguna bakin ƙofa wajen takalma, shi kuwa Auwalu da na girme shi da shekara bakwai yana kan darduma ana neman shawararsa don ya yi aure bara. Shekarata 31, shekara tara ina gyaran waya a Farm Santa, rabin kuɗin kwanon nan daga aljihuna zai fita, amma ina buɗe baki Kawu ya ce bari manya su gama. To wai da gaske mutum ba ya zama babba sai ya ajiye iyali?

Kawu Sani: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa Sadiku kuma ban janye ba. Ba raini ba ne ɗana. Wanda bai taɓa fita ƙarfe biyun dare neman mota matarsa na naƙuda ba, bai taɓa wayar gari ba ko ƙwayar shinkafa a gida yara na kallonsa ba, akwai karatun da bai yi ba tukuna. Haka muka taras. Ba ka ga a Kano har tashen gwauro ake yi da azumi ba, Nalako sarkin gwauraye ya ɗaura wa mutum igiya a zaga gari da shi? Wasa ne amma akwai magana a ciki.

Anti Bilki: Yaya Sani gwauro daban tuzuru daban ai, gwauro ya taɓa aure. Amma bar wannan, mu yi lissafi. Kai kana 22 ka yi aure, ɗaki ɗaya aka yanka maka a cikin gida, abinci daga tukunyar Hajiya. Yaron yanzu ya gama sakandare yana 18, ya zana JAMB sau biyu ko uku, ya shiga jami'a ASUU ta tafi yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas suka yi a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya fito ya yi bautar ƙasa ya dawo yana yawo da takardu a fayil. In ya dace da aikin ma mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024, kuma a shekarar akwai lokacin da buhun shinkafa ya fi albashin. Ga haya ga lefe akwati kan akwati ga kuɗin gaisuwar iyaye. Mu muka tsawwala abin, sannan mu juyo mu ce yaro bai girma ba?

Malam Habu: Kawu a yi min afuwa zan sa baki. Hadisin da ake kafa hujja da shi cewa ya yi ya ku taron samari wanda ya samu iko a cikinku ya yi aure, wanda bai samu ba ya riƙi azumi. An sa sharaɗin iko. Kuma alƙalami tun daga balaga yake hawa kan mutum ba ranar ɗaurin aure ba. Imamu Nawawi da muke haddace Arba'unarsa a islamiyya har ya rasu bai yi aure ba, wa zai ce masa bari manya su gama?

Kawu Sani: Malam kar a fake da Nawawi. Shi ilimi ne ya ɗauke masa hankali, na yanzu waya ce. Yaro ya kwana TikTok ya tashi azahar, askin kansa daban wandonsa daban, ka tambaye shi sunan kakan babansa bai sani ba.

Sadik: Kawu akwai irinsu ban musa ba, amma da aurensu ma akwai masu yin haka. Ni bakwai na safe nake buɗe shago.

Isuhu Maraɗi: Gaisuwa ga iyaye. Mu nan ma zancen kenan. Samari na zamne fada ana dafa shayi tun hantsi har dare, tsofaffi su wuce su ce zaman banza, alhali mafi yawa aiki ne babu, kuma a fadar nan ne kaɗai in ka yi magana ake saurarenka. Da aka samu zinariya a Jado can arewacin Nijar a 2014 abokaina nawa suka bi hamada don su samo na aure a kira su magidanta, wani ya dawo da abin hannu, wani har yau uwarsa na jiran labari. Wannan kalma ta ba ka girma ba tana tura yara inda bai kamata ba wallahi.

Ummi: Ku naku da sauƙi Yaya Sadik. Ni 26, nas ce, ina kwana a kan marasa lafiya, da hannuna na rufe idon mamaci na fita na sanar da 'yan uwansa. Amma in na shiga gidan suna ba mai tambayata aiki, sai yaushe za mu sha biki, wata ma a gabana ta ce na yi kwantai. Ƙawayena duk sun koma Maman wane Maman wance, ni kamar ba ni da suna sai na samu na wani. Ina son auren fa kar a juya min magana, kawai ban yarda cewa kafin ya zo ni ba kowa ba ce.

Gwaggo Asabe: Ummi 'yar nan wadda ta faɗa miki haka ba ta kyauta ba. Amma mu tsoro muke ji, iyaye ba sa dawwama, muna so mu ga kowa a ɗakinsa kafin mu tafi. Ba wai ba ma ganin ƙoƙarinki ba ne, ranar da jinina ya hau ai ke kika kwana a kaina.

Anti Bilki: Hukuma ma ta yarda ɗan 18 ya yi zaɓe, kuma tun da Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara a 2018 ɗan 25 zai iya takarar majalisar wakilai. Yaro zai iya yi wa ƙasa doka amma a zauren gidansu sai sayo lemo.

Auwalu: Ni dai tunda an ambace ni bari in faɗi gaskiya. Ranar nan kunya ce ta kama ni, ban san ma me zan ce kan kwano ba. Akwatuna biyu cikin lefena Yaya Sadik ne ya saya, kuma har yau in abu ya kakare min shagonsa nake zuwa kafin in zo wajenka Kawu.

Kawu Sani: Ban san da maganar akwatunan ba. Har yanzu ina nan kan cewa aure makaranta ce da ba a shiga ta da labari. Amma Sadiku Asabar mai zuwa bayan la'asar ka zo da farashin kwano da na kafinta ka zauna kusa da ni, Auwalu ya sayo lemon. In an tashi kuma ka tsaya, ina da magana da kai kan yarinyar nan ta Gwammaja da Gwaggonka ta ce kana zuwa wajenta.

Sadik: To Kawu, Allah ya kai mu. Na riga na tambayo farashin bandir a wuri uku, zan zo da takardar.