Mene ne aikin Majalisar Dattawan Najeriya wanda ta Wakilai ba za ta iya ba?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta cewa a soke Majalisar Dattawa don rage kashe kuɗi, kamar yadda Senegal ta yi a 2012. To me sanatoci ke yi wanda 'yan Majalisar Wakilai ba za su iya ba?

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam. Fara da rabon kujeru. Sanatoci 109 ne: uku daga kowace jiha cikin 36, ɗaya daga Abuja. Wakilai 360 kuwa yawan jama'a ake dubawa, shi ya sa Kano ke da 24, Bayelsa 5. A Dattawa kuwa kowace uku gare ta. An yi haka ne don kada manyan jihohi su danne ƙanana.

Sannan tantance ministoci, jakadu, Alƙalin Alƙalai, shugaban hukumar zaɓe ta INEC da gwamnan babban banki na CBN aikin sanatoci ne su kaɗai. Nan ne nake ganin ake sakaci: shugaban ƙasa kan aiko da sunayen ministoci ba tare da ma'aikatunsu ba, sai a rasa tambayar da ta dace, a ce wa mutum ya rusuna ya wuce.

Hajiya Lauya: Malam ya yi daidai, amma wajen yin doka ƙarfinsu ɗaya. Kowane ƙuduri sai ya tsallake karatu uku a kowane zaure. Idan rubutun biyu ya saɓa, a kafa kwamitin daidaitawa. Shugaban ƙasa na da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure ya isa ya zama doka. Haka aka yi wa Obasanjo kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta (NDDC) a 2000.

Kasafin kuɗi daban ne. Sashe na 59 na kundin tsarin mulki ya ce in shugaba ya ƙi sa hannu, zaman haɗin gwiwa ake yi. Shugaban Majalisar Dattawa ke jagoranta, amma wakilai sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ɗan Gwale: Na gode Hajiya. To sokewar fa, mai yiwuwa ce?

Hajiya Lauya: Sai an gyara kundin tsarin mulki: aƙalla kashi biyu cikin uku na kowane zaure, da amincewar majalisun jihohi 24. Ka ga kenan sai sanatoci sun kaɗa ƙuri'ar sallamar kansu. Kuma kafin ka goyi baya, tuna cewa a zauren Dattawan nan ne aka binne tazarcen Obasanjo a watan Mayun 2006, ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Ken Nnamani.