Robar ƙaramar eskabeta ta ta tsage a gona, wacce zan saya kuma ya ake sakawa?

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar injina ku taimaka min da shawara. Muna da ƙaramar eskabeta 'yar tan 3, Kubota ce 'yar Kwatano, ni da yayana muka haɗa kuɗi muka ɗauko ta bara bayan girbin shinkafa. Aikinta yashe magudanan ruwa a gonakin rani nan wajen Auyo, sai haƙa ramin kifi, wani lokaci fandisho in an samu. To tun watan jiya robar ɓangaren hagu, wato kacar roba da injin yake tafiya a kanta, ta fara zamewa daga kan taya, sau uku a sati ɗaya, kullum yaron dake tuƙa ta sai ya ƙara mata giris ya ɗaure ta tamau yace ta saki ne, ranar Talata yana cire ciyawar kachala a bakin kanal sai kawai muka ji ɗas, muka duba wlh robar ta tsage har fiye da rabi, wayoyin ƙarfen dake ciki sun fito waje kamar bakin tsintsiya kuma duk sun yi jajawur da tsatsa. Yanzu haka injin na nan zaune a gonar wani bawan Allah, shi kuma yana so ya sako ruwa, kullum sai ya kira ni.

Na kira wani mai kaya a Kano yace in faɗa masa sunan injin kawai zai aiko a mota. Wani kuma yace in bar roba in koma kacar ƙarfe in huta. Ni tambayata, ya ake gane saiz? Ɗaya zan canza ko dole biyu? Kuma za mu iya sakawa da kanmu a gonar, dan kuɗin ɗauko lobet, motar ɗaukar inji, kaɗai ya ishe ni.

Bakaniken Kura:
Wa'alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba ƙanena. Kar ka kuskura ka tura kuɗi akan sunan inji kawai. Injinan Kwatano ɗin nan da yawa an taɓa canza musu kayan ƙasa tun kafin su shigo, wasu ma sitikar jikinsu ba tasu bace, kuma inji ɗaya sai ka ga ya fito da roba iri biyu gwargwadon shekarar da aka ƙera shi.

Ka samu bokitin ruwa ka wanke cikin robar, wato ɓangaren da yake kallon rola (ƙananan tayoyin ƙarfen da suke bi ta kan robar), ka bi a hankali zaka ga lamba guda uku an buga a jiki, kamar 300x52.5x84. Ta farko faɗin robar ne a milimita. Ta biyu tazarar dake tsakanin ƙarfe ɗaya da na gaba cikin ƙarafan da aka jera a jikin robar, daga tsakiya zuwa tsakiya. Ta uku kuma yawan ƙarafan gaba ɗaya in an zagaye. In lambar ta goge, tef da alli sun isa, ka auna faɗi, ka auna tazara, ka sa alli a ƙarfe ɗaya ka ƙirga har ka dawo kansa, ka ƙirga sau biyu dan 82 da 84 ba ɗaya bane, in ta gaza ba zata shiga ba, in ta yi yawa duk girishin duniya ba zai ɗaure ta ba. Wani lokaci akwai harafin N ko W a jikin lambar, wannan faɗin hanyar da rola take bi ne tsakanin haƙoran ciki, ko matsattsiya ko mai faɗi. Mutane suna raina shi, shi ne kuma yake sa sabuwar roba ta riƙa fita kamar tsohuwa. Akwai mai tazara 52.5 akwai mai 53, rabin milimita ne amma sifroket, tayar baya mai haƙora, ya san bambancin. Ka ɗau hoton lambar da hoton haƙoran ciki ka tura wa mai kayan ta WhatsApp, shi ma ya turo maka hoton lambar dake jikin tasa kafin a ɗora a mota.

Kuma kafin komai ka leƙa sifroket ɗin. In haƙoran sun yi tsini kamar ƙayar aduwa to shi ya ci robarka, kuma zai ci sabuwar.

Ofareta Kazaure:
Oga ni dai in da ni ne ƙarfe zan saka. Mu nan dutse ne da burji, roba bata kai mana ko'ina, wata uku ka ga duk ta yayyanke. In kuma robar zaka saya ka sayi ɗaya kawai tunda ɗayar lafiyarta ƙalau, wa yake da kuɗin biyu a wannan marra.

Mai Hayar Inji, Haɗeja:
Ɗan'uwa na Kazaure maganarka gaskiya ce a ƙasarku, amma shi a fadama yake, laka ce ba dutse. Kacar ƙarfe ta fi nauyi, ba lallai ta hau rola da sifroket ɗin da yake da su ba sai an canza wasu abubuwa, kuma ranar da ya samu aiki a cikin gari ta bi kan kwalta ko intalok ɗin wani Alhaji, kuɗin aikin gaba ɗaya a gyara zai tafi. Ya zauna a robarsa.

Abinda nake so in ja hankalinka a kai Ɗan Auyo, yaronka ne ya ƙarasa robar nan ba da saninsa ba. Lakar fadamarmu baƙa ce mai danƙo, in ta cushe a tsakanin haƙoran sifroket sai ta ɗaga robar, robar ta ƙara ɗaurewa da kanta har ta hau kan haƙori ta zame. Shi kuma ya ga ta fita sai ya ɗauka sakewa ta yi, ya ƙara dura giris, ka ga ɗauri kan ɗauri kenan, wayoyin ciki kuma dama ruwa ya shiga ta wani yanka sun yi tsatsa, ina zasu iya. A laka ana ɗan sassauta ta ne, kuma duk yamma a ɗaga ɓangare ɗaya a juya robar a iska lakar ta zube kafin ta bushe ta zama kamar siminti. Ka hana shi juyawa a tsaye wuri ɗaya, da tafiya ƙafa ɗaya a kan gaɓar kanal ɗaya a ƙasa.

Maganar ɗaya ko biyu, ni na taɓa sayen ɗaya dan in rage asara, injin ya riƙa ɗan karkata in ana tafiya, bayan wata biyu tsohuwar ita ma ta tafi, na sake biyan kuɗin mota daga Legas. In ta dama ta fara tsattsagewa ko ka hango waya ko da ɗaya, ka daure ka haɗa biyu. In kuma da saura sosai a jikinta to ɗaya ma ta wadatar. Sannan ka kula da tsohon kaya, akwai wanda ya sayar min da wadda ta shekara a waje rana na dukanta, da ido sabuwa fil, da muka lanƙwasa ta sai ga tsaga ƙanana-ƙanana kamar kaushin ƙafa lokacin hunturu. Ka sa a lanƙwasa maka kafin ka biya.

Bakaniken Kura:
Sakawa a gona ba matsala, mutum uku sun isa amma tana da nauyi, ta tan 3 ta haura kilo 100. Ku nemi wuri mai tauri da ya daidaita. Ku sauke faifan gaba ya danna ƙasa, a juya injin bokiti ya koma gefen da za a canza, a danna shi ƙasa har ɓangaren ya tashi, sannan ku cusa kututture a ƙarƙashi, kar wanda ya sa ƙafa ko hannu a ƙasan inji yana rataye akan haidirolik kawai.

A jikin ƙarfen gefe akwai ɗan murfi, in ka buɗe zaka ga bawul ɗin giris. Ka sassauta shi da sifana a hankali, kar ya wuce zagaye ɗaya, kar ka cire shi gaba ɗaya kuma kar ka sa fuskarka saitinsa, girishin nan a matse yake, yana iya harbo bawul ɗin kamar harsashi. In ya fara fitowa tayar gaba zata ja baya, in ta ƙi ku tura ta da katako. Tsohuwar ku fara zare ta daga tayar gaba. Sabuwar kuma ku fara ɗora ta akan sifroket haƙori ya shiga, ku miƙar da ita sama, sai ofareta ya juya a hankali a hankali ku kuna bankara ta da dogon ƙarfe har ta hau tayar gaba. A ɗaure bawul, a dura giris, a juya ta zagaye biyu uku gaba da baya sannan a auna. A ƙarƙashin rolar ƙasa ta tsakiya robar ta ɗan sauko kamar milimita 10 zuwa 15, kaurin ɗan yatsa kenan. Bayan kwana biyu na aiki ku sake aunawa dan sabuwa tana ɗan saki. Tun tana sama ku juya kowace rola da hannu, wadda ta ƙame ko take yoyon mai ku canza ta.

Ɗan Auyo:
Kai Allah ya saka muku da alheri, Baba na Kura Allah ya ƙara girma. Na je da safe na wanke, lambar ta fito, kuma akwai W a jiki, wanda mai kayan yaso ya aiko min N ce, da yanzu ina nan ina cizon yatsa. Sifroket kuma kamar kun gani, haƙoran sun yi tsini har ɗaya ya yanke ni a yatsa. Ta dama na ga tsaga amma waya bata fito ba, yayana yace mu sayi ɗaya da sifroket yanzu, ɗayar sai an sayar da alkama. Mai gonar ya yarda ya jira zuwa Asabar. Baba in na samo sifroket ɗin a Ƙofar Ruwa zan turo maka hoto ka ƙirga min haƙoran da ramukan noti kafin in biya.