Mayen ƙarfe ya kama gindin tukunya: jabu ce ko inokis?

Hajiya mai kayan aure: Salamu alaikum. Wata ta maido mini tukwanen ɗiyarta, wai ta ɗora mayen ƙarfen lasifika ya manne a gindi, don haka ba inokis ba ne, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Ku raba mu.

Mai walda, Zariya: Hajiya, ki yi haƙuri, da gaskiyarta. Mu ma haka muke gwada bututu kafin mu biya. In ya kama, mu ajiye.

Malamin lise: Maigida, gwajin nan nikel yake nunawa, wani sinadari da ake gaurayawa da ƙarfen, ba tsatsa ba. Abin da ke hana tsatsa wani sinadarin ne, kuromiyom. Sai ya kai 10.5 cikin ɗari ake kiran ƙarfe inokis, domin shi ke haɗuwa da iska ya yi wata 'yar fata a sama, wadda ko an karce ta take sake rufewa. Ƙarfe mai lamba 430 na da kuromiyom 16 zuwa 18, babu nikel, maye na kama shi, kuma inokis ne. Wuƙaƙen inokis ma maye na kama su.

Mai walda, Zariya: To Malam, me ya sa na ƙwarai ya fi tsada?

Malamin lise: Nikel ɗin ne mai tsada. Lamba 304 kuromiyom 18, nikel 8. Juya cokali ka duba bayan mariƙi, za ka ga 18/8 ko 18/10, wani 18/0. Lamba ta biyun ita ce nikel. Yana sa ƙarfe ya lanƙwasu ba tare da ya tsage ba, ya fi jure tsami, kuma shi ke sa maye ya ƙi kamawa.

Ɗan kasuwa: Ashe dai Mai walda bai faɗi ba. Wanda maye ya ƙi, shi ne mai kyau.

Malamin lise: Nan ake cin mutane, Alhaji. Akwai 201, an rage nikel an cike da manganis. Maye ba ya kama shi, ƙyallinsa ɗaya da 304, amma bar shi da ruwan gishiri ko jabel ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa.

Mai walda, Zariya: Wannan kam na gani. Wata ƙofa da na haɗa, maye ya ƙi ta sarai, damina ɗaya ta yi ja a wurin walda. Amma ban yar da mayena ba, ya fi ido.

Hajiya mai kayan aure: Ni tukwanena fa?

Malamin lise: Hajiya, ki ɗora mayen a jikin tukunyar daga gefe. Wasu da gangan ake lika musu faifan ƙarfe mai kama maye a gindi, saboda murhun lantarki irin na maganaɗisu.

Hajiya mai kayan aure: Na gwada yanzu. Gefe ya zame ya faɗi, gindi ya riƙe gam.

Ɗan kasuwa: Sauran a san ko 304 ne ko 201. Me aka rubuta a ƙasa?

Hajiya mai kayan aure: Ba lamba ko ɗaya, Alhaji, sai hoton kambi.